Ka Biya Kuɗin Waya, Makulli Yana Hannun Kamfani



Sharhinmu na yau ya shafi kullen da kamfanonin sadarwa ke sa wa wayar hannu don kada ta karɓi layin kowa sai nasu, da kuma kuɗin da suke tatsa daga mai wayar ranar da ya ce yana son sabuwa. Al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai, don haka can za mu fara. Sai dai kada mai sauraro ya ce ina ruwansa, domin da yawa daga cikin wayoyin da aka kulle a can, a kasuwanninmu suke ƙarewa, kuma ɗanmu ne yake ƙirga kuɗinsa ya saya.

Ranar 29 ga watan Yuni, 2007, kamfanin Apple ya fitar da iPhone ta farko a Amurka. Ƙaramar dala 499, babbar dala 599. Kuɗi ne mai kauri, amma biyansa bai isa ya mallaka maka wayar yadda kake so ba. Dole sai ka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu da kamfanin sadarwa na AT&T, shi kaɗai, babu na biyu. In gidanka yana unguwar da sabis ɗin AT&T ke rawa, sai dai ka haƙura da wayar ko ka haƙura da rawar sabis. Haka Amurkawa suka zauna har watan Fabrairun 2011, lokacin da kamfanin Verizon ya samu izinin sayar da ita. A Turai ma haka aka raba ƙasashe: O2 a Birtaniya, Orange a Faransa, T-Mobile a Jamus. Sauran masu ƙera waya ba su tsaya kallo ba. Wayar Android ta farko, G1, a hannun T-Mobile ta fito a 2008, Palm Pre kuma a hannun Sprint a 2009.

Shi wannan kulle, babu wani ƙarfe ko kwaɗo a cikinsa. Umarni ne aka dasa a manhajar wayar. Kowane sim yana ɗauke da lambar da ke nuna ƙasarsa da kamfaninsa. Da ka zura shi, wayar za ta duba lambar. In ba ta kamfanin da aka ɗaure ta da shi ba ce, sai ta ƙi. A iPhone abin ya fi tsauri, domin bayanin kullen yana ajiye a kwamfutocin Apple, an liƙa shi da lambar shaidar wayar, wato IMEI, kuma ba za a cire shi ba sai kamfanin sadarwar ya ba da umarni. Wayar lafiyarta ƙalau, tana iya aiki da layin kowa. Da gangan aka hana ta.

To, me kamfani ke samu? Mu bi lissafin a hankali, domin nan ne gizo ke saƙa.

A watan Yulin 2008 aka fitar da iPhone 3G, aka yi ta shelar cewa farashi ya karye. Wadda ake sayarwa dala 399 a lokacin, sabuwar da ta maye gurbinta ta koma dala 199. An rage dala 200 ke nan, jama'a suka yi ta murna. Amma a daidai wannan lokacin AT&T ya ɗaga kuɗin data na wata daga dala 20 zuwa dala 30. Ƙarin dala 10 a wata, sau wata 24, ya kama dala 240. An rage maka 200 a bakin kanta, an karɓe 240 a cikin takardar biyan kuɗin wata. Tsari mafi araha a lokacin yana kusan dala 70 a wata, wanda a shekara biyu ya doshi dala 1,680, ban da kuɗin wayar. Wanda ya fito daga shago yana cewa ya sayi waya dala 199, a gaskiya alƙawarin kusan dala 1,900 ya ɗauka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ragin da kamfani ya yi maka bashi ne, sai dai ba a kira shi da sunansa ba, ba a faɗa maka nawa ne ba, ba a kuma faɗa maka ranar da ka gama biya ba. A wancan tsarin, ko shekara biyun ta cika, kuɗin watan ba ya sauka. Wanda ya ci gaba da riƙe tsohuwar wayarsa shekara ta uku da ta huɗu, yana ta biyan kuɗin wayar da ya riga ya biya.

Sai batun canza waya, wanda shi ne ya fi ƙona wa mutane rai. A watan Yunin 2009 aka sanar da iPhone 3GS. Sabon mai shiga AT&T zai saya dala 199 ko 299, gwargwadon girmanta. Amma wanda ya sayi 3G a shekarar da ta gabata, wanda ya yi kusan shekara yana biyan kuɗin wata ba fashi, aka ce masa nasa farashin dala 399 ne ko 499, tunda wa'adinsa bai cika ba. Wanda kuma ba ya son ɗaure kansa da wata yarjejeniya sai ya ajiye dala 599 ko 699. A kan haka ga wani kuɗin canji na dala 18. Baƙon da ya shigo yau ya fi ɗan gida gata da dala 200. Hayaniyar ta yi yawa har kamfanin ya ɗan sassauta wa waɗanda wa'adinsu ya kusa cika, amma tsarin yana nan yadda yake. Shi kuɗin canjin ma gaba ya yi: a 2012 AT&T ya ninka shi zuwa dala 36, Verizon kuma ya kawo nasa na dala 30.

Wani zai ce, in an matsa maka ka tafi mana. Ina za ka? A wancan lokacin, in ka fita kafin wa'adi, akwai tarar karya yarjejeniya. Ta AT&T dala 175 ce, a 2010 ya mayar da ita 325 ga manyan wayoyi; Verizon tun ƙarshen 2009 ya kai tasa 350. Ka ce ka ji ka gani, ka biya tarar, ka fito da wayarka a hannu, sai ka tarar ba ta karɓar layin kowa. Abin ya zama tamkar ka sayi akuya, ka biya kuɗinta cif, amma mai sayarwa ya ce turkenta yana gidansa, kuma a wurinsa kaɗai za ka riƙa sayen dusa.

Adalci ne mu saurari kamfanonin, domin suna da hujja. Suna cewa: mun ba ka wayar dala 600 a kan 200, in ba mu kulle ta ba, gobe za ka tsallaka wurin abokin hamayyarmu da dukiyarmu. Suna kuma cewa akwai 'yan damfara da ke karɓar wayoyi da sunayen bogi su fitar da su ƙasashen waje, kulle yana rage musu kasuwa. Maganar damfara gaskiya ce, tana faruwa. Wanda ya ba da bashi kuma yana da haƙƙin ya tsare dukiyarsa, babu mai musun wannan.

Amma a duba da kyau. Bashin nan an riga an tsare shi da sa hannu, an kuma tsare shi da tara. Wayar sata kuwa akwai hanyarta daban: a sa lambar IMEI ɗinta a jerin wayoyin da aka haramta wa sabis. To, wanda ya cika shekara biyunsa, bai ci wa kowa ko sisi ba, me ya sa tasa take kulle? Har watan Afrilun 2012, AT&T ba ya buɗe iPhone ko da mai ita ya gama yarjejeniyarsa. Kusan shekara biyar ke nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin kullen ya wuce tsare bashi. Aikinsa shi ne ya sa fita ta yi wa mutum tsada da wahala, har ya ga gara ya zauna ya sake sa hannu. Kamfanin da ya san ba za ka iya tafiya ba, me zai sa ya gyara sabis, me zai sa ya rage farashi?

Mutane ba su naɗe hannu ba. Wata biyu da fitowar iPhone ta farko, a watan Agustan 2007, wani matashi ɗan shekara 17 mai suna George Hotz ya kwance tasa, ya yi mata 'yan dabaru, ta karɓi layin T-Mobile. Daga nan masu buɗe waya suka yawaita. Apple ya gargaɗi jama'a, kuma sabuwar manhajar da ya saki a watan Satumba ta sa wasu wayoyin da aka buɗe suka daina aiki.

Rigimar ta kai ga doka, ta wata hanya mai ban mamaki. Amurka tana da dokar 1998 da aka yi don kare haƙƙin masu waƙa da fina-finai da manhaja, wadda ta haramta karya kullen da aka sa wa irin waɗannan ayyuka. Da wannan doka aka kama batun waya, tunda kullen a manhaja yake. Duk shekara uku, shugaban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar yana fitar da jerin abubuwan da aka keɓe daga haramcin. A 2006 an keɓe buɗe waya. A ƙarshen 2012 aka janye, kuma daga ranar 26 ga Janairun 2013, buɗe sabuwar wayar da ka saya ba tare da yardar kamfani ba ya zama saɓa doka. A yi tunani: kayan da mutum ya saya da guminsa, yana aljihunsa, amma taɓa shi ya zama laifi. Sama da mutum dubu ɗari suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar shugaban ƙasa, majalisa ta yi sabuwar doka, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 1 ga Agustan 2014. Sai dai dokar ta halatta wa mai waya ya buɗe ne kawai, ba ta hana kamfani kullewa ba.

Wasu ƙasashen sun fi Amurka tsayawa. A Faransa, tun watan Disamban 2008 hukumar kula da gasa a kasuwa ta dakatar da keɓewar da aka yi wa Orange, sauran kamfanoni suka shiga sayar da iPhone. A Kanada, a da kamfanoni suna karɓar kimanin dala 50 ta ƙasar kafin su buɗe waya ɗaya, har suka tara dala miliyan 37.7 daga wannan kaɗai a 2016. Hukumar sadarwar ƙasar ta soke kuɗin daga ranar 1 ga Disamban 2017, ta ce duk sabuwar waya a buɗe za a sayar da ita. Birtaniya ta bi sahu a watan Disamban 2021, hukumar Ofcom ta hana sayar da waya a kulle. Kamfanonin waɗannan ƙasashe ba su rushe ba, har gobe suna sayar da waya a kan biya kaɗan-kaɗan. Wannan, a ganina, ya karya babbar hujjar masu kulle.

A Amurka kuwa an canza wa abin riga ne. Tun 2013 kamfanoni suka fara watsar da yarjejeniyar shekara biyu, suka koma raba kuɗin waya wata-wata. Wannan ci gaba ne, tunda yanzu mutum yana ganin ainihin farashin. Amma sai wa'adin ya riƙa tsawo, har manyan kamfanoni suka kai shi wata 36. Za a ce maka waya kyauta ce: kowane wata ana rubuta maka kuɗinta, ana kuma yafe shi a cikin takarda ɗaya. Ranar da ka bar kamfanin, yafiyar ta tsaya, ragowar kuɗin ya faɗo kanka gaba ɗaya. Ɗaurin shekara biyu ya koma na shekara uku. A watan Yulin 2024 hukumar sadarwa ta FCC ta kawo shawarar a tilasta wa kowane kamfani buɗe waya bayan kwana 60, AT&T da T-Mobile suka ce ba su yarda ba, wai hakan zai hana su yi wa jama'a rangwame.

Yanzu mu dawo gida, mu ga inda wannan ya same mu.

Mu a nan, yawancinmu kuɗi hannu muke sayen waya, sim daban, waya daban, kuma wannan ni'ima ce da ba mu cika lura da ita ba. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu sim biyu sun karɓu ne saboda mutum yana son in wannan layi ya ɗauke ya koma wancan. Tun watan Afrilun 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar mutum ya ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsa. Amma mun ɗanɗana kulle mu ma. Waɗanda suka riƙe wayoyin Starcomms da Multi-Links da Visafone sun san cewa da kamfanonin suka durƙushe ko aka saye su, wayoyin sai suka koma kayan wasan yara. Har yau kuma 'yar na'urar intanet ta aljihu da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da araha, galibi layin mai ita kaɗai take karɓa.

Babbar mahaɗar dai ita ce kasuwar wayoyin hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake kira Landan yus ko da daga Amurka suka fito. Shiga Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja. Za ka ga iPhone biyu a cikin gilashi, iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, amma tsakanin farashinsu akwai tazara. Ka tambaya, mai shago ya ce, "Alhaji, wannan faktori ce, waccan kuma cif ce." Ta farkon kamfaninta ya sake ta, kowane layi ka sa za ta ɗauka. Ta biyun har yanzu a kulle take. Sai ya ɗauko ɗan tsinke ya zaro mazaunin sim, ka ga wani ɗan falle siriri mai ruwan zinare kwance a ƙarƙashin sim ɗin. Aikinsa ya yaudari wayar ta ɗauka layin kamfaninta na asali ne a ciki. Ya mayar, ya latsa nan ya latsa can, sandunan sabis suka fito, ya kira lambarka ta shiga. A shago komai daidai.

Matsalar sai an je gida. Yau sabis ya ɗauke ana tsakiyar magana, gobe saƙon banki ya ƙi shigowa. Ka sabunta manhaja, ko ka canza layi, wayar ta koma gidan jiya, sai an sake komawa wurin mai gyara an sake biya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, wanda dole ya canza sim in ya tsallaka iyaka, da maniyyacin da zai sayi layin Saudiyya in ya sauka Jidda ko Madina, su ne suka fi shan wannan wahala, kuma a lokacin da suka fi buƙatar wayar. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da ma ramin sim, sai sim na cikin manhaja. In irin wannan ta zo a kulle, babu inda za a sa cif ɗin. Shi ya sa za ka ji ana sayar da wasu a matsayin na wayifai kawai. Akwai kuma waɗanda mai su na farko bai gama biyan bashinsu ba ya sayar, kamfani ba zai taɓa sakinsu ba. Bashin wani a wata nahiya, ɗalibi a Zariya ne yake ɗauke da shi a aljihu.

'Yan kasuwa da yawa suna faɗin gaskiya, su ce maka cif ce, su rage maka kuɗi, ka saya da saninka. Wannan ciniki ne halal. Wanda nake kuka da shi shi ne mai ɓoyewa, wanda zai ga yarinya ta zo da kuɗin da ta yi wata da watanni tana tarawa, ya miƙa mata kulalliyar waya a farashin buɗaɗɗiya. Wannan ha'inci ne, kuma shugabannin kasuwa sun san masu yi. Mai saye kuma ya taimaki kansa: ya zaro mazaunin sim da hannunsa ya duba, ya gwada layin kamfani biyu daban-daban ya yi kira da kowanne, ya danna *#06# ya ga lambar IMEI ta yi daidai da wadda ke cikin saitin wayar, ya sa a goge wayar gaba ɗaya a sake tayar da ita a gabansa, sannan a rubuta masa a rasit cewa a buɗe take.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke tafe. Wayoyi sun yi tsada, naira ta faɗi, don haka sayen waya bashi yana yaɗuwa a garuruwanmu. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, ka riƙa biya kullum ko mako-mako ko wata-wata. Ranar da ka yi jinkiri, a kulle ta daga nesa. Wannan tsari ya taimaki mutane da dama, ɗan acaɓa da mai sayar da abinci sun samu wayar da ba za su iya saya a dunƙule ba, ba na ƙinsa. Amma hanyar da Amurka ta bi ke nan: ƙaramin kuɗi a gaba, babban kuɗi a ɓoye, makulli a hannun mai ba da bashi. Su sun shafe shekaru suna jayayya kafin su samu ɗan sauƙi. Mu muna da damar mu sa ƙa'ida tun abin bai yi jijiya ba.

Kiran da nake yi ga hukumar NCC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da takwarorinsu na Nijar, shi ne su tilasta wa duk mai sayar da waya bashi ya rubuta farashin kuɗi hannu da jimillar abin da za a biya a bashi, gefe da gefe, a harshen da mai saye yake ji. Wayar da aka kulle saboda jinkirin biya a bar mata hanyar kiran gaggawa, domin haihuwa da haɗari ba sa jiran a biya bashi. Duk na'urar da aka ɗaure da layi ɗaya a rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, tare da ranar da ɗaurin zai ƙare. Kuma ranar da mutum ya biya kuɗinsa na ƙarshe, kullen ya fita da kansa, kyauta, ba sai ya cika fom ba, ba sai ya yi sintiri a ofis yana roƙo ba.